Sarkin da Ya Ji Tsoron 'Yarsa

An yi wani mutum a nan birnin Rum, ya 'yan uwa, wanda Allah ya ba shi sarautar rabin duniya, amma bai taɓa cin loma ɗaya da kwanciyar hankali ba. Tsoro ne ya cinye shi, tsoron kada a raba shi da kujera.

Matarsa ta fari, ya sake ta don danginta sun yi yawa a majalisa. Ta biyu, ya ji sojoji sun yi mata tafi a filin tseren dawaki, washegari aka shaƙe ta a ɗakin wanka. Duk aurensa 'ya ɗaya ya samu, Sulfisiya.

Kun san yadda muke: wanda ya auri 'yar sarki ya sa ƙafa ɗaya a kan gadon mulki. Don haka ya sa aka kai yarinyar wani tsibiri da babu komai sai duwatsu da awaki. Da za a sa ta a jirgi ta ce, "Baba, me na yi?"

Ya ce, "Ba ki yi komai ba. Shi ya sa kike numfashi."

Sannan ya gaya wa shugaban masu gadinta, Nasidiyus, cewa duk ranar da jirgi ya zo ɗaukarta, ko da zoben sarki ya zo, a yanka ta, don maƙiya na iya satar zobe.

Shekaru suka tura, ciwon ajali ya kwantar da shi. Mu kuwa, in ka mutu jininka ne ke rufe maka ido, ya kira sunanka. Wa zai yi masa? Bayi? Ya firgita, ya manta komai, ya cire zobensa ya ce a garzaya a kawo masa 'yarsa.

Nasidiyus ya hango jirgin, ya cika umarni. Da jirgin ya dawo Rum, shi ya durƙusa a gaban gadon sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce ko da zobenka."

Sarki ya yi ta kiran sunanta har muryarsa ta tafi. Ya mutu ido a buɗe, kowa na tsoron taɓa shi.

Ya 'yan uwa, wanda ya mai da iyalinsa abokan gaba saboda abin duniya, wa ya rage masa ranar da ya kwanta? Ku koma gida ku dubi 'ya'yanku da idon rahama.

Allah ya kiyaye mu da irin wannan ƙarshe, amin.