Manomin da Ya Ce a Rubuta Gidansa

Akwai wani mutum, manomi, wanda yakan je asibitin ƙaramar hukuma kowane wata don karɓar maganin hawan jini. A asibitin nan ana duba 'yan ƙaramar hukumar kyauta, amma sai an yanka wa mutum kati, kuma ba a yanka kati sai ya faɗi unguwarsu da gidan da yake zaune.

Wata rana manomin ya tarar da wani tsohon ɗan dako mai suna Tanimu a bakin tagar kati. Tanimu yana da gyambo a ƙafa, ya ɗaure shi da tsumma, ƙudaje suna binsa. Tun da ambaliya ta cinye ɗakinsa, a rumfar kasuwa yake kwana.

Malamin kati ya ce masa, "Baba, sau uku ke nan ina gaya maka. Rumfar kasuwa ba gida ba ce. Matsa, akwai mutane a bayanka."

Manomin ya dubi ƙafar, ya ga in aka ƙara mako biyu ba wanki ba magani, sai dai a yanke ta. Sai ya ce, "Malam, rubuta gidana."

Malamin ya ce, "Kai dattijon ikilisiya, ƙarya za ka sa ni in rubuta?"

Manomin ya ce, "Wa ya ce ƙarya ce? Daga yau a zaurena zai kwana."

Aka yanka katin. Manomin ya kai Tanimu gida, ya kwashe garma da buhunan taki daga zaure, ya shimfiɗa masa tabarma. Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, magani ka je karɓowa, ko mutum?" Duk da haka ta ƙara gari a tukunya.

Labari ya kai kasuwa. Wata mai tari ta zo, wani makaho ya biyo ta, har zaure ya cika, aka kafa rumfar kara a tsakar gida. Kafin kaka mutum tara suna da kati da sunan gidan nan. Ƙafar Tanimu kuwa ta fara kamewa, amma da saura.

Sai aka aiko wani jami'in lafiya ya bincika. Ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Baba, mun san iyalinka. Waɗannan ba 'yan gidanka ba ne, 'yan kasuwa ne. Zan soke katunansu, in ka yi gardama in haɗa da naka."

Manomin ya ce, "Nawa kam soke shi. Na Tanimu ba za ka taɓa ba."

Matar tana jinsu daga madafa. Ta ɗauko tukunyar tuwo da zafinta, ta dire a gaban jami'in, ta ce, "Ɗana, bara ba kai ne ka zo rabon gidan sauro ba? A nan ka tsaya ka ce mini duk masu ci daga tukunya ɗaya gida ɗaya ne, har ka hana ni na ƙanwata don tukunyarta dabam. To, ga tukunyar. Zauna ka ga masu ci."

Jami'in ya tsaya yana kallo, aka kwashe tuwo, mutum goma sha ɗaya suka ci. Ya rufe littafinsa bai soke ko ɗaya ba. Tanimu ya ci gaba da zuwa wanki, ƙafarsa ta warke, ba a yanke ta ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: dokar nan ba mugun mutum ne ya kafa ta ba. An kafa ta ne don ma'aikatan lafiya su san inda za su bi mara lafiya. Amma da aka bar ta a hannun mai tsoron shugabansa, sai ta koma hana magani ga waɗanda suka fi kowa bukatarsa. Da Ubangijinmu Yesu ya je tagar nan a kwanakinsa na duniya, shi ma da an ce masa ya matsa, domin ba shi da wurin da zai sa kansa.

Ku lura, manomin bai yi ƙarya ba, bai kuma zagi hukuma ba. Ya ɗauki nauyin maganar da ya faɗa, har ya yarda ya rasa nasa maganin. Shi ya sa barazana ba ta kama shi ba.

Mu kuwa mun iya tausayi. Mukan ga irin su Tanimu a bakin asibiti, mu ce, "Allah ya sawwaƙe," mu karɓi namu maganin mu wuce. Wannan bai isa ba, 'yan'uwa. Masu kwana a tasha da rumfunan kasuwa 'yan garin nan ne, asibitin nan nasu ne kamar yadda yake namu. In aka kori ɗayansu a gabanka, kada ka bar wurin. Tsaya tare da shi har a duba shi, ko da kai ne za ka koma gida ba magani.