Ranar da Wayar Ambulan Ta Yi Shiru

Akwai wani matashi a Filinge mai suna Yazid, injiniya ne da ya yi karatu a Yamai. Shi da abokiyar aikinsa Anisa ke kula da wani tsari da wata ƙungiyar mata ta kafa. Idan naƙuda ta yi wa mace wuya a ƙauye, sai a buga lamba ɗaya, saƙo ya je ga direban ambulan mafi kusa.

Tsarin yana aiki ne a kan tarin na'urori, kuma manhajar da ke raba musu aiki, Kubernetes, ta tsufa. Dole a sabunta ta. Suka yi shawara za su bi mataki-mataki, su gwada a gefe, kuma su sanar da ƙauyuka ranar da layin zai iya tsayawa.

Sai labari ya zo cewa masu tallafa wa ƙungiyar za su kawo ziyara. Yazid ya so su tarar da sabon abu, da sunansa a kai.

Ranar da Anisa ta tafi bikin suna a Baleyara, ya zauna shi kaɗai a biro, wato ofis, ya tsallake matakan, ya ɗora sabuwar manhajar kan dukkan na'urorin gaba ɗaya. Bai gwada ba, bai gaya wa kowa ba.

Tun hantsi komai ya tsaya.

Anisa ta dawo da la'asar ta same shi yana zufa gaban allon kwamfuta.

"Matsalar rezo ce," in ji shi, yana ɗora laifin kan layin sadarwa.

Ta ja kujera ta duba. Ta juyo a hankali.

"Rezo? Kalli idona ka sake hwaɗi! Mi munka yi da kai?"

"Ni na san aikina, Anisa."

"Aikinka? Wanga layi na mata masu haihuwa ne, ba wurin nuna gwaninta ba! Tashi mini!"

Ta maido da na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Da layin ya dawo, sai ga kiran da suka maƙale. Lamba guda ta yi ta bugowa tun hantsi, daga wani ƙauye kusa da Bonkuku.

Lambar Malam Tahiru ce, wani manomin gero. Matarsa Dijatu ta jigata da naƙuda, ya yi ta kira yana jiran ambulan. Da ya gaji ya ɗaura jaki a amalanke. Sun kai gidan likita, Dijatu ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Yazid ya ce a rubuta wa ƙungiya cewa na'ura ce ta samu matsala. Anisa ta buga tebur.

"Wallahi ba da hannuna ba. Gobe za ka tai ka hwaɗa mishi da bakinka."

Washegari suka tarar da Malam Tahiru zaune ƙarƙashin rumfa. Yazid ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi. Mutumin ya dube shi.

"Rai na Allah ne, ɗana, ban ce kai ka ɗauke shi ba. Amma ku kunka ce mu bar wahala, mu buga waya. Ni kuwa na yarda, na zamna ina bugawa, jakina na ɗaure a bayan gida. Kalma guda za ka aiko, ka ce yau layi ba ya aiki. Da tun hantsi muna kan hanya."

Yazid ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Malam Tahiru ya ɗaga hannu.

"Ba ni za ka roƙa ba. Tana ciki."

Ƙungiyar ta karɓe aikin daga hannun Yazid a wannan makon. Amma waɗanda suka raka shi ƙauyen sun ce abin da ya fi ƙona shi shi ne tsayuwar da ya yi a ƙofar ɗakin Dijatu, yana sallama, ta ƙi amsawa.

Darasi: Idan mutane sun jingina rayuwarsu da aikinka, ba ka da ikon yin gaggawa don a yabe ka. Ka gwada, ka yi shawara, ka sanar kafin ka taɓa. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar jama'a.