Buhunan Wake a Ɗakin Yara

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Gwangwan da Ruwan Bago, manomin wake. Ba zan kama sunansa ba, yana da zuriya.

Wata kaka ya sayo ƙwayar maganin ƙwari a kasuwar Karaye. Mai maganin ya ce, "Malam, kada a ajiye inda mutum yake kwana." Ya ce ya ji. Ya sa ƙwayar a buhunan wakensa. Amma tsoron ɓarayi ya sa ya jibge buhunan a ɗakin yara.

Kwana uku, yara suka kama amai, numfashi yana sarƙewa. Ɗan ƙanensa da yake kwana tare da su ya rasu. Manomin yana shiga ɗakin, wari ya gaya masa komai. To, da wane ido zai dubi ƙanen nasa?

Ana tsaka da salati, ya ce ƙasa-ƙasa, "Jiya na ga Maijidda ta shafa kan yaron nan." Maijidda tsohuwa ce mai daddawa, ba miji, ba ɗa.

Ya 'yan'uwa, ko kalma goma bai furta ba. Kafin Azahar wata ta tuna akuyarta ta mutu bayan Maijidda ta yaba ta. Wani ya ce ya gan ta a mafarki. Yaran da ko gidan ba su shiga ba suka dinga faɗuwa suna kiran sunanta. Aka jawo ta ta tsallake marasa lafiya, wai ta saki kurwarsu.

Ta dubi manomin ta ce, "Ni na yi maka wankan farko. Kalle ni ka sake faɗa."

Ya sake faɗa.

Aka ƙone mata ɗaki, aka raka ta da jifa har hanyar Rogo. Ba ta kai mako ba ta rasu.

Buhuna fa? Gida cike da masu gaisuwa, in ya fitar za a tambaya. Ya kawar da yara daga ɗakin ya ce bari a yi bakwai. Rana ta biyar 'yarsa Rumasa'u ta shiga ɗakin da rana ta kwanta. Ba ta tashi ba.

Mutane suka ce ashe akwai sauran mayya, kuma a cikin gidan take. Suka yi kan mahaifiyarsa. Nan ya fito yana ihu, "Wallahi maganin wake ne! Ni na sa!" Suka ce uwarsa yake karewa. Wa zai saurare shi, bayan shi ya koya musu abin da za su gaskata?

Yana nan da rai. Ran kasuwa yakan tare mutane yana cewa, "Maganin wake ne." A kauce, a ce mahaukaci.

Ya 'yan'uwa, ƙazafi in ya shiga taron da tsoro ya kama, mai shi ma ba ya iya janye shi. In ka yi kuskure, faɗi tun ana jin ka. In an nuna maka wani, tambayi wa ya gani.

Allah ya kiyaye mu da harsunanmu, ya jiƙan waɗanda aka zalunta.