Hanyar da Uwar Siminti Ta Bar wa Maƙwabta

Jama'ar shafin nan, ku ɗan dakata da latse-latsen waya ku karanta wannan, musamman ku masu harkar gini.

Akwai wata 'yar kwangila da leburori suka laƙa wa suna Uwar Siminti. Sunan ya samo asali ne daga yadda take tsoma hannu cikin kwaɓi ta murza, ta kalli birkila ta ce, "Wa ya yi wa kwaɓin nan rowar siminti?" Ƙaramin kamfani gare ta: tsohon injin kwaɓa guda ɗaya, birkiloli kaɗan, sai kawunta, ƙanin mahaifiyarta, wanda shi ne foman. Aikinta bai wuce katanga da shaguna da gyaran gidaje ba, amma kullum burinta ta ga ta ɗora bene.

Rannan wani Alhaji ya neme ta. Yana da ginin bene hawa uku a tsakiyar wata unguwa mai cunkoso, an ta da ƙasa har an kai wurin rufi, aiki ya tsaya. Ɗan kwangilar farko kullum cikin rigima yake da mutanen unguwa, har Alhaji ya gaji ya sallame shi.

"Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, gwaji ne," in ji Alhaji. "Ki zuba min dekin farko, wato rufin kankaren da bene zai hau kai. In Injiniya ya duba ya ce ya yi, sauran ginin naki ne har fenti. In ya ce a fasa, ki kwashe kayanki."

"Na ji, ranka ya daɗe. Allah ya ba mu iko."

Ta fito. Ta san idan wannan ya kuɓuce mata, za ta koma katanga, yaranta na aiki kuma su watse neman wani wuri.

Da ta je ganin filin, nan take ta gane matsalar. Na baya ya kewaye wurin da langa-langa har ya manne da bangon maƙwabta, ya cinye wata 'yar siririyar hanya da mutane ke bi zuwa famfo da bakin titi. Ya kuma jibge tsakuwa a ƙofar shagon wani tsohon tela, sai mutum ya yi hawan dutse kafin ya kai ɗinki. Duk wanda ya wuce sai ya galla wa ginin harara.

Uwar Siminti ta hau tsakuwar nan ta leƙa shagon.

"Baba, ina wuni? Ni ce sabuwar mai aikin nan."

Tela bai ko ɗago daga keke ba. "Lafiya. In tsakuwa kika zo ƙarawa, ga sauran ƙofar nan, ki cike ta gaba ɗaya in huta da buɗe shago."

"Kwashewa na zo yi, Baba."

"Haka na baya ya ce."

Washegari, kafin ta taɓa ko rodi ɗaya, ta sa aka kwashe tsakuwar. Sannan ta ce a ja langa-langa ciki a buɗe wa mutane hanyarsu. A nan ne Kawu ya yi tsalle ya dire.

"Ke 'yar nan, kina da hankali kuwa? In kika ja shingen nan ciki, tifa ba za ta iya shigowa ta juya ba. Sai dai a sauke yashi da tsakuwa can bakin titi a riƙa turowa a baro. Gini muka zo yi ko zumunci?"

"Duka biyun, Kawu."

"Halin uwarki sak! Ita ma sai ta gaishe da kasuwa kaf kafin ta sayi gishiri."

Ta yi dariya, amma ba ta sauya magana ba. Gida-gida ta bi tana sallama, tana gaya wa mutane ranar da manyan motoci za su zo. In za a sauke siminti, sai ta aika a ce wa mata su kwashe shanya. Ranar da famfon unguwa ya ɗauke, ta buɗe musu tankin aiki suka ɗiba. Kawu yana gefe yana ƙunƙuni, wai ruwan kwaɓi ya zama na wanki.

Gaskiyar magana, Kawu bai yi ƙarya ba. Turo kaya a baro ya ci lokaci, aiki ya ja baya. Alhaji ya zo ya tsaya yana kallon hanyar da aka sake buɗewa a gefen filinsa, mata na wucewa da bokitai.

"Hajiya, na ji an ce kin buɗe ofishin sasanci a filina. Ni dai gini na ba ki."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, don a gaban yaranta aka faɗa. Ta haɗiye, ta ce, "A yi haƙuri, Alhaji, za a zuba."

To, ga waɗanda ba su san harkar ba, bari in yi muku bayani. Zuba dekin ba kamar ɗora bulo ba ne da za ka tashi yau ka ci gaba gobe. In an fara, ba a tsayawa. Idan wani ɓangare ya bushe kafin sabon kwaɓi ya haɗu da shi, wurin ba ya kamawa da kyau, ta nan ruwa zai riƙa yoyo, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Shi kuwa Injiniyan Alhaji, mutum ne da ko murmushi sai ya auna kafin ya yi.

Ranar zubi aka fara da sassafe. Kafintoci sun gama kafa katako, rodi ya ɗauru tsaf. Uwar Siminti ta yi hayar injin da ke haura kankare sama, don haka ba ta ɗauki leburori da yawa ba. Aiki yana tafiya gwanin sha'awa, har Kawu ya fara 'yar waƙa.

Rana na tsaka, an zuba kusan rabi, sai injin hawan nan ya yi wata irin ƙara, ya tura baƙin hayaƙi, ya mutu murus. Mai injin ya buɗe ya duba, ya share gumi.

"Hajiya, wannan sai gobe."

Gobe! Kankare ba ya jiran gobe.

Aka koma ɗauka a kwanon sarki ana hawa ta kan katako. Amma hannayen kaɗan ne. Waɗanda ke turo yashi da tsakuwa daga bakin titi su ne aka ɗebo don hawa sama, sai injin kwaɓa ya zauna yana juyawa babu abin kwaɓawa. In an koma turo kaya, sama ta tsaya. Nisan nan da ta jawo da hannunta, don ta bar wa mutane hanya, shi ne yanzu yake neman kashe ta.

Injiniya ya tsuguna ya danna bakin kankaren da yatsa.

"Hajiya, bakin nan ya fara kamawa. In ya bushe, ba zan amince ba. Na gaya miki tun yanzu."

Kawu ya dube ta, ya buɗe baki zai ce "ai na faɗa miki", sai ya ga idanunta sun cika. Ya rufe bakinsa, ya tuɓe hula, ya ɗora kwano a kan furfurarsa. Ita ma ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta nufi bakin titi, ta ciko kwano da tsakuwa, ta ɗora a ka.

Ta 'yar hanyar nan ta biyo, ta gaban shagon tela. Tsohon ya ɗago ya gan ta, ƙura har gira, tana haki. Keken ɗinki ya tsaya.

"Hajiya, lafiya? Ke da kanki?"

"Inji ya mutu, Baba. Dekin zai bushe a rabi." Ba ta tsaya ba, ta wuce.

Tela ya fito tsakiyar hanya, tef ɗin awo na rataye a wuya, ya ɗaga murya yadda ba a taɓa jin ya yi ba.

"Jama'a! Matar da ta buɗe mana hanya aikinta zai lalace! Kowa ya fito da abin ɗiba!"

Wallahi abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota da baƙin mai a hannu. Mai shago ya ja ƙofa ya rufe. Masu babur da ke jiran fasinja suka jingine babura. Wani malamin makaranta da ke dawowa daga aiki ya naɗe hannun riga. Mata suka fito da bokitai da robobin wanki.

Aka ja layi tun daga bakin titi, ta cikin 'yar hanyar nan, har gindin injin kwaɓa, kwano na tafiya daga hannu zuwa hannu. Leburori da samarin unguwa suka ja wani layin a kan katako zuwa sama. Da ruwan tanki ya yi ƙasa, matan da suka taɓa ɗiba a cikinsa su ne suka riƙa jido ruwa daga famfo suna juyewa.

Tela kuwa ya zama kwamanda, yana ta nuni da almakashi. "Kai, matsa can! Kai mai jar riga, kwanonka rabi ne!"

Kawu ya leƙo daga sama. "Baba tela, foman ɗaya ne a wurin nan fa!"

"To ka sauko ka yi fomancin, ni in hau!"

Wuri ya kaure da dariya, kwano bai fasa tafiya ba. Sabon kwaɓi ya riski tsohon tun yana da laushi. Injiniya da kansa ya karɓi sanda yana caccaka mahaɗar don ta game sosai. Kafin rana ta yi ja, birkila ya ja katakon shafe a kusurwar ƙarshe, ya ɗaga hannu sama. Unguwa ta ɗauki sowa da guɗa.

Uwar Siminti ta zauna a kan bulo ta fashe da kuka, irin kukan da daɗi ke sa mutum. Mata suka kewaye ta suna cewa, "Haba Hajiya, ai an gama, share hawayenki."

Daidai nan Alhaji ya iso. Da ya hango taro ya zaci rigima ce ta sake ɓarkewa, ya fito daga mota a firgice. Aka ba shi labari, sai ya hau godiya.

Tela ya katse shi. "Alhaji, kada ka ji daɗi da yawa, ba don kai muka yi ba."

Aka yi ta ba wa dekin ruwa har ya ƙosa, sannan aka cire katako. Injiniya ya zo ya ƙwanƙwasa ko'ina, ya sa aka tare ruwa a sama, ya shiga ƙasa ya ɗaga kai yana neman ɗigo. Babu ko ɗaya. Ya juyo, a karon farko aka ga haƙoransa.

"Ci gaba, Hajiya."

Ita ta ɗora benen nan har hawa na uku, ita ta yi fenti. Yaranta ba wanda ya watse, ƙari ma aka yi. Alhaji da bakinsa ya ce a bar hanyar nan yadda take, a shimfiɗe ta da siminti. Daga nan manyan ayyuka suka fara nemanta.

Da suka samu sabon fili a wata unguwar, tana shirin kiran direban tifa, sai ga Kawu cikin wankakkiyar riga, ya gyara hula.

"Ke 'yar nan, ajiye wayar nan. Kada tifa ko ɗaya ta shigo sai na gama gaisawa da maƙwabta."

Darasi: Duk aikin da za ka yi, akwai mutanen da ke zaune a gefensa, kuma ba kayan aiki kaɗai ke gama gini ba. Kada gaggawa ko girman kwangila su sa ka toshe wa mutane hanya ko ka raina ƙorafinsu. Inji yana iya mutuwa a ranar da ka fi buƙatarsa, amma mutanen da ka mutunta za su fito. Ku tura wa 'yan kwangila da birkiloli da duk mai shirin gini da kuka sani, ko Allah zai sa wani ya gyara.