Sabuwar Riga Bayan Girbi

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne, mai rumbu uku da baki ɗaya, amma bakin ya fi rumbunan cika. In ya noma kunya goma, kafin labarin ya kai kasuwa ta zama ɗari. Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai fara'a, mai wasa da yara, mai sakin hannu. Illarsa ɗaya ce: duk abin kirkin da ya yi, shi zai yi wa kansa kiɗa, shi kuma zai taka rawa.

Wata shekara, da faɗuwar ruwan fari, aka kawo masa riƙon wani yaro mai suna Sila, ɗan wani ɗan'uwansa da ya rasu, uwar ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Kafin yaron ya iso nan ya zauna gidan kawunsa, ya zauna gidan goggonsa, ya zauna gidan wani da shi kansa bai san yadda suke ba. Manomin ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ya ce da matarsa Liyatu, "Tabarma ɗaya da Filibus, kwano ɗaya da Filibus. Duk wanda ya ce masa maraya a gidan nan, ni da shi ne."

Filibus kuwa shi ne ɗan cikinsa, sa'an Sila, yaron da in ya gifta kusa da tulu sai tulun ya fara addu'a.

Haka aka zauna. Kafin kaji su sauko Sila ya share tsakar gida, ya ba awaki dusa, ya saɓa fartanya yana jira a bakin ƙofa. In an ajiye musu tuwo, loma kaɗan zai yi ya tsame hannu ya ce ya ƙoshi, Filibus ya ja kwanon gabansa yana godiya ga Allah. Ran da ƙaya ta shige masa ƙafa a gona, da kansa ya cire ta, ko uhum bai ce ba.

Manomin ya ga haka, sai kansa ya kumbura. Ran Lahadi bayan an tashi sujada, maza suna zaune a gindin ɗorawa, ya gyara zama ya ce, "Jama'a, riƙo iyawa ne. Wanda bai iya ba ya zo gidana ya ɗauki darasi, kyauta. Yaron nan tun da ya zo ko ludayi bai fasa mini ba. Bai taɓa kuka ba, bai taɓa cewa a ƙara masa tuwo ba. Na san shi kamar yunwar cikina."

A cikin mazan akwai Kefas, taubashinsa, wanda tun suna yara ba sa raga wa juna. Kefas ya ce, "Yunwar cikinka kam ka san ta, duk garin nan shaida ne. To wace miya yaron ya fi so?"

"Kowacce!"

"Me ke ba shi dariya?"

"Kai, yaron nan mai natsuwa ne. Ba sakarai ba ne irinka, da ke wage baki ko akuya ce ta yi atishawa."

Aka kwashe da dariya, manomin ya tafi gida yana ganin ya ci nasara.

Da dawa ta fara fitar da kai, wata rana Liyatu tana tankaɗe ta ce masa, "Baban Filibus, yaron nan yana ba ni tsoro."

"Me ya yi?"

"Abin ke nan. Bai yi komai ba. Yaro ne fa, ba dattijon ikilisiya ba. Yaron da ba ya ɓarna a gida ai baƙo ne. Kwanan nan ma ya ƙara rage ci. Jiya ya tambaye ni wai ko rumbunmu yakan kai damina. Ka zaunar da shi, ka gaya masa nan ne gidansa."

Manomin ya yi dariya ya ce, "Sai an faɗa? Tuwo bai faɗa masa ba? Tabarma ba ta faɗa masa ba? Haba Liyatu, ai gani ya kori ji."

Ku ji fa. Mutumin da magana ba ta taɓa kwana a cikinsa ba, wannan guda ɗaya ce ya ga ba ta cancanci yawunsa ba.

Ga abin da bai sani ba, domin bai tambaya ba. A duk gidan da Sila ya zauna, da damina hannu ne, da rani baki ne. Muddin akwai noma ana riƙe da shi. Da an kai amfani rumbu, sai manya su fara ƙus-ƙus, su yi shiru in ya shigo. Sai a ɗinka masa sabuwar riga, don kada gida na gaba ya ce an riƙe shi da tsumma. Sai dangi su taru, a ci a sha, a kira shi a ce, "Sila, bi wane." Shi ya sa yake aiki kamar babba yana ci kamar tsuntsu, ko Allah zai sa wannan gida ya manta cewa yana da baki.

Shekarar ta yi albarka. Aka yi girbi, aka cika rumbuna har aka rasa inda za a sa wake. Manomin ya ce zai yi addu'ar godiya a gidansa, ya yanka bunsuru, ya kira fasto da maƙwabta da dangi, har kawun Sila da goggonsa. A ransa kuwa yana cewa, "Zan ɗinka wa yaron nan riga irin wadda ba a taɓa gani ba, in fito da shi gaban waɗanda suka kasa riƙe shi, su ga yadda ake yi." Da yake mai son wasa ne, ya ce ba wanda zai gaya wa yaron, a bar shi ya sha mamaki.

Sai ya shiga yi wa Liyatu raɗa a kan kalar yadi. In Sila ya shigo, ya yi tari ya kama zancen jaki. Wata safiya ya kira shi ya ce, "Tsaya nan, miƙe hannuwanka." Ya auna shi da igiyar rama, kafaɗa da tsawo, yana ƙulla alama. Ya kashe masa ido ya ce, "Ran Asabar dangi za su taru a kanka. Kada ka tambaye ni komai."

Sila ya dubi igiyar, ya ce, "To, Baba."

Manomin ya tafi wajen tela yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai.

Ran Asabar gida ya cika. Fasto ya yi addu'a, aka ci tuwo da naman bunsuru, aka bi da kunun zaƙi. Da ciki ya ɗauka, manomin ya miƙe cikin babbar riga, ya ce da Filibus, "Kai wa ɗan'uwanka wannan a ɗaki, ka ce ya sa ya fito." Sa'an nan ya juya ga jama'a.

"Ni ba mai yawan magana ba ne," in ji shi.

Kefas ya ce, "Fasto, a sake addu'a, an fara ƙarya."

"Rabu da shi. Abin da nake cewa, yaro kamar shuka ne, hannun da ya iya shi yake bi. Yanzu za ku ga yaron da hankalinsa ya kwanta, wanda ya san ya zo gida. Sila! Fito su gan ka!"

Sila ya fito. Rigar ta yi masa kyau ƙwarai, shuɗiya mai aiki a wuya, har mata suka fara guɗa. Amma guɗar ta tsaya a rabi, domin a kansa akwai ɗan ƙunshi, ɗaure da tsohon zane.

Ya zo gaban manomin ya durƙusa. Ya ce, "Baba, na gode da riƙo." Ya juya wajen Liyatu. "Mama, na gode. In na yi laifi a yafe mini." Ya faɗi kalmomin sumul, kamar wanda ya saba faɗa. Sa'an nan ya dubi dangi ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wa zan bi?"

Kawun ya sunkuyar da kai, goggon ta ja mayafi ta rufe baki.

Da yaron ya ga ba wanda ya amsa, sai ya ɗauka ba mai so ne. Ya ƙara da ƙaramar murya, "Ba na ci da yawa. In da hali kuma, a ba ni gidan da ke kusa, don in riƙa ganin Filibus ran Lahadi."

Manomin ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya rufe, ya sake buɗewa. Tun da aka kafa ƙauyen ba a taɓa ganin haka ba.

Kefas ya share ido da hularsa, ya ce a hankali, "Taubashi, ga ɗalibanka mun taru. Ci gaba da darasin."

Filibus ne ya fara motsi. Ya fashe da kuka, ya fizge ƙunshin yana cewa, "Ba inda za shi! Ba inda za shi!" Zanen ya kwance, kayan suka zube a gaban kowa: riguna uku da suka yi masa kaɗan, kowacce daga gidan da aka sallame shi, da ɗan ƙanzo da ya daɗe yana tarawa don guzuri.

Manomin ya durƙusa a ƙasa da babbar rigarsa, har idonsa ya yi daidai da na yaron. Ya ce, "Sila, ɗana, sakaran gidan nan ni ne. Wannan riga ba ta tafiya ba ce. Ba wanda za ka bi. Nan ne gidanku."

Sila ya dubi Liyatu. Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ya sake duban manomin ya ce, "Har yaushe, Baba?"

"Har ka yi gemu. Har ka gaji da surutuna."

Kefas ya ce, "A'a, tsaya a kan gemun. In don surutunka ne, gobe da safe zai ɗaure kaya."

Jama'a suka yi dariya da jiƙaƙƙun idanu, manomin kuwa yana durƙushe a tsakiyarsu.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: manomin nan ba a nesa yake ba. Waɗansunmu da shi muka karya kumallo yau, waɗansunmu kuma hularsa ce a kanmu. Gidaje nawa ne a cikinmu babu ɗan riƙo ko 'yar riƙo? Mun ba su tuwo, mun ba su tabarma, Allah ya saka. Amma yaron da aka taɓa ɗauka daga wani gida zuwa wani, kullum kunnensa yana bakin ƙofa. Abin da kake gani wasa ne, shi a wurinsa alama ce. Ka yi raɗa, ya ce da shi ake. Ka yi masa alheri ba bayani, ya ce sallama ce.

Kada shirun yaro ya ruɗe ku. Wani tsoronsa yakan fito da ladabin da ya wuce shekarunsa, kamar Sila. Wani kuma nasa yakan fito da faɗa, ko fitsarin kwance, ko ɓoye abinci a ƙarƙashin tabarma, mu ce ɗan banza ne, mu ɗauko tsumagiya. Ciwon ɗaya ne. Dukansu tambaya suke yi, ko za a bar ni in zauna? Mai ɓarnar ma gwada ka yake, ya ga ko igiyar za ta tsinke.

To me za mu yi? Mu rage wa'azi, mu ƙara tambaya. Ka san miyar da yake so. Ka bar shi ya ambaci uwarsa da ubansa, ya yi kukansu, kada ka ce "ai ga mu", domin ba gasa kuke yi da su ba. In zancen makomarsa ake, a yi da shi, ba a bayan kansa ba. In kuwa gaskiya riƙon na ɗan lokaci ne, ka gaya masa tun da wuri, da dalili, kada ka yi alkawarin da ba za ka cika ba. Yaro yana iya ɗaukar gaskiya. Zullumi ne ke cinye shi. Ku kuma dangi da maƙwabta, kada ku zauna kuna kallo har hatsi ya yi wa mai riƙo kaɗan, sa'an nan a taru ana neman wanda za a tura wa yaro kamar kayan aro. Mudun dawa daga gidanka yana iya hana a sake ɗaga shi.

Mu tuna, mu ma 'yan riƙo ne a gidan Allah. Bai karɓe mu don hannunmu ba, bai kuma kore mu don bakinmu ba. Bai bar mu muna kintace daga ruwan sama da amfanin gona ba, ya faɗa mana a fili cewa mu 'ya'yansa ne, yana kuma maimaitawa, domin ya san mu da mantuwa.

Saboda haka yau in kun koma gida, kafin a kwashe tuwo, ku kira yaron nan da sunansa, ku zaunar da shi kusa, ku faɗa masa da baki. Kada ku ce ai ya sani. Bai sani ba.