Baban Likita da 'Yarsa Mai Tsintar Duwatsu

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah mai sayar da goro, sunansa Tanimu. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Yana da 'ya, Ramlatu, mai kaifin ƙwaƙwalwa. Tun tana firamare ake ce mata Likita, shi kuma a ce masa Baban Likita. Kuma wallahi sunan yana masa daɗi, in an kira shi har gyara zaman hula yake.

To, ku saurara. Lokacin shiga jami'a ya zo. Yayansa, Alhaji Barau, ya ce, "Tanimu, ba wata shawara. Ka ce mata likitanci, magana ta ƙare. Yarinyar nan ba ta taɓa yi maka musu ba."

Gaskiya Alhaji ya faɗa. Da Tanimu ya tambaye ta, ta ce, "Duk abin da ka zaɓa mini, Baba." Amma ya ji muryar ba ta kai zuci ba. Jama'a, a nan jarrabawar take. Kalma ɗaya zai faɗa, sunan da yake so ya tabbata.

Sai ya ce, "Ke, wai duwatsun nan da kike tarawa a kwano, har uwarki na faɗa, na mene ne?"

Ta ce, "Baba, sai dai in nuna maka."

Dattijo ya rufe faifan goronsa, ya bi 'yarsa har kwazazzabon bayan gari. Ta nuna masa gaɓar da ruwa ya zaizaye: ga jar ƙasa a sama, ga fara a ƙarƙashinta, can ƙasa ga wata baƙa mai sheƙi. Tun yana yaro yake bin hanyar nan, bai taɓa lura ba. Ya tsuguna, ya murza, ya sansana.

Ya ce, "Ikon Allah! Me ya jera su haka?"

"Ban sani ba, Baba."

"Rijiyarmu mai zartsi, ta maƙwabta mai daɗi, ko shi ma daga nan ne?"

Ta ce, "Abin da nake so in je in koyo ke nan. Ilimin ƙasa da duwatsu." Ya dubi fuskarta, ya ga farin cikin da bai taɓa gani ba in an ce mata Likita.

Ya koma ya gaya wa yayansa cewa ya bar ta ta karanta ilimin ƙasar da take so. Alhaji ya yi fushi, ya ce an zubar da darajar gida. 'Yan kasuwa suka koma kiransa Baban Mai Tonon Ƙasa. Ya ji zafi, kada ku ce bai ji ba. Amma ya haɗiye, ya ce, "Amana aka ba ni, ba ado ba."

Na ga wasunku na jira in ce ta yi kuɗi. Ban sani ba, kuma ba shi ya tara mu ba.

Abin da nake gaya muku, 'ya'yanku amana ne, kuma biyayyarsu ma amana ce. Kai da ke zaune nan ka riga ka raba wa naka, wannan injiniya, wancan lauya, yaushe ka taɓa tashi ka bi shi ka ga abin da ya ɗauke masa hankali? Yaron da ba zai iya ce maka a'a ba, shi za ka fi jin tsoron Allah a kansa. Ku koma gida ku tambaye su, kuma ku yi shiru har su gama ba da amsa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.