Gyaɗar Hansai Mai Kitso

An yi wata baiwar Allah a wani gari, can da, sunanta Hansai. Kitso ne sana'arta.

Ranar jajiberin Sallah, tsakar gidanta cike da mata, aka kawo mata wata marainiya, Barira, wadda kakarta mai raunin gani ke riƙo. Yarinya sai susa take, bayan kunne duk ƙuraje. Hansai na tsaga gashi, subhanallahi! Ƙwarƙwata ke yawo, ƙwai kuwa ya manne a gindin gashi.

To, ku saurara. Kun dai san bakinmu. Kalma ɗaya ta fita, shi ke nan, tsohuwa ta zama ƙazama, yarinya ta zama abin waƙa a dandali. Barira ta ɗago ido ta dubi Hansai. Tausayi ya kama Hansai. Ga shi ƙwarƙwata in an murƙushe ta da farce ƙas take yi, kuma babu macen da ba ta san wannan ƙara ba.

Sai Hansai ta shiga ɗaki ta jawo kwandon gyaɗar da ta ajiye ta iri.

"Haba, ku zauna haka baki banza? Ku ɓare ku ci."

Ƙas-ƙas a can, ƙas-ƙas a nan. Wa zai bambance?

Ta dubi kakar, wadda ta rako yarinyar, ta ce, "Iya, gashin nan yana son mai. A riƙa turo min ita."

Kullum ta shafe kan da man kaɗe, ta taje da mataji mai ƙananan haƙora, ta zare ƙwan ɗaya bayan ɗaya, don in an bar shi ƙyanƙyashewa yake. Ɗankwali ta wanke da ruwan zafi ta shanya a rana. Har kai ya yi fes. Damina ta zo, Hansai ba ta da abin shukawa, ba ta kuwa gaya wa kowa dalili ba.

To a ina muka ji? Ranar da Hansai ta rasu, Barira, tana uwar 'ya'ya, ta sauke kwandon gyaɗa a gaban masu zaman makoki tana kuka.

"Da gyaɗarta ta iri ta ciyar da mutane don kada a ji kunyata. Allah Ya rufa mata asiri yadda ta rufa min."

Jama'a, ƙwarƙwata ba ta tambayar gidan wa, tana hawa kan ɗan kowa. In ka ganta a kan ɗan maƙwabcinka, kawo mai da mataji, ka kama bakinka. Wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa. Kai da kake jina, asirin wa ke hannunka yau?